Rasuwar Mai Jan Ido ta Gangara

Da zuciya mai nauyi da baƙin ciki marar misali, Alhaji Baƙo Hashimu, dattijon unguwa kuma shugaban komiten ɗakin magani na Gangara, yana sanar da ƴan'uwa da abokan arziki na Gazawa da Agiye har zuwa Gidan Rumji rasuwar na'urar awon jini wadda mutanen gari suka laƙaba wa suna Mai Jan Ido. Ta cika ranar kasuwa, tana tsakiyar aiki.

Marigayiya ta iso garin nan a bayan mota, tare da Malama Ummuhani, mai bincike kan amosanin jini, wato ciwon nan da yaro ke gadowa idan uwa da uba duka suna ɗauke da irinsa. Aikinta shi ne ta zuƙi ɗigon jini ta wani bututu mai sirantar gashi, ta haska shi da jan hasken lazer, sannan ta faɗi abin da kakanni suka ɓoye a cikinsa. Ba ta san ɗan sarauta ba, ba ta san mai kabu-kabu ba. Idan ta fara, sai a ji "zuuu", idan ta gama ta ce "tit-tit", kuma dattawa sun shaida akwai gidajen da wannan ƙaramar murya ta hana haƙa ƙananan kaburbura. Alhaji da kansa ya kai jikoki uku makwanci kafin zuwanta, shi ya sa ya kafa ƙa'ida cewa ba a ɗaura aure a zuriyarsa sai Mai Jan Ido ta yi magana.

Game da jinyarta, Alhaji yana so a ji gaskiya daga bakinsa, ba daga bakin ƴan tasha ba. Marigayiya ba ta shan kowane ruwa sai nata na musamman, wanda ake kawowa a bido, wato jarka, daga ƙetaren iyaka. Hanya ta toshe, bido ya ƙare, Malama kuwa ta tafi Maradi neman wani. A tsakanin nan aka sa ranar auren jikansa Zaharaddini da Rahina ƴar Malam Rabo, aka kuma ɗebi jininsu. Sai Alhaji ya ba da umarni a jawo ruwan rijiyar kakansa, a tace shi da sabon rawani, a shayar da marigayiya. Ruwan nan shi aka ba gwamna ya sha a zamanin mahaifinsa, shi aka zuba wa motar farko da ta shigo garin, kuma babu wanda ya taɓa kuka da shi. Da ta dawo, Malama ta ce kanwar da ke cikinsa ta toshe bututun, har gishirinta ya rufe idon. Alhaji ya saurare ta da girmamawa, amma yana nan kan cewa kwana ne ya ƙare.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne maganarta ta ƙarshe. Ta karɓi jinin ango, ta ce "tit-tit", ta nuna yana ɗauke da irin ciwon. Ta karɓi jinin amarya, ta ce "zuuu", muryar ta yi ta dushewa kamar ta mai shaƙuwa, jan idon ya lumshe, bai sake buɗewa ba.

Ta rasu ta bar Malama Ummuhani, wadda ba ta gaishe da Alhaji tun ranar sai da ka. Ta bar firjin ajiye jini, da faifan hasken rana biyu da suka zama marayu a kan rufi. Ta bar matan aure masu ciki a ƙauyuka, waɗanda har yanzu suke zuwa su zauna a bakin ƙofa. Ta kuma bar Rahina, wadda kullum take aiko ƙanwar babanta Husaina ta tambaya ko an ji wani abu.

Malama ta roƙa a ɗaga auren har a kai jini Yamai a dawo. Alhaji ya duba tarihin gidansu tun daga kakan kakansa, bai sami ranar aure ko ɗaya da aka ɗaga ba, ko a shekarar fari. Ya duba ƙa'idarsa, ya ga ta ce sai na'ura ta yi magana, ya kuma yanke cewa ai ta yi.

Za a naɗe marigayiya a farin ƙyalle ranar Juma'a da hantsi, a sa ta a rumbun bayan gida kusa da akwatin rediyon mahaifin Alhaji. Za a karɓi gaisuwa a zauren Alhaji. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su watse, domin bayan an sauko daga masallaci za a ɗaura auren a kan tabarmin da aka karɓi gaisuwar. Duk wanda zai yi wa amarya addu'ar Allah ya kawo ƙazantar ɗaki, Alhaji yana roƙonsa ya yi ta a hankali, inda Malam Rabo ba zai ji ba.