Shimfiɗa a Hanyar Ruwa

Har gobe ba zan taɓa mantawa da yawon Sallar da na ja mutane zuwa Kadawa ba. Lokacin ina son Rabi, ƙawar ƙanwata Jummai, ita kuwa ko kallo ban ishe ta ba. Sai na ce bari in nuna mata ni mutumin karkara ne, masanin daji. (A Kura aka yanke mini cibiya kam, amma tun ina goye aka kawo ni Kano.)

Muka ɗauki tamfol da dardumar Hajiyarmu da kular dafa-duka, mu uku muka hau motar haya. Muna isa gonakin tumatir na hango wani ɗan kwari ƙarƙashin mangwaro, a share tas kamar an san da zuwanmu. Na ɗaura tamfol ya zama rumfa, na baza darduma ina ta hura hanci.

Rabi ta taɓa ƙasa ta ce, "Yaya, nan fa da danshi."

Na ce, "Sanyin inuwa ne. Ku 'yan birni ba za ku gane ba."

Mun zuba abinci ke nan, ina ba su labarin yadda nake iyo a dam ɗin Tiga (ƙarya ce), sai muka ji shuu daga can baya. Ashe magudanar ban-ruwa na zaɓa, kuma ranar ake sako wa masu tumatir ruwa! Ya taho da yayi da kwaɗi, ya yi gaba da kula.

Ni kuwa masanin daji, kafin ka ce kwabo ina kan tudu, rungume da sababbin takalmana. Rabi ce ta tattare zane ta bi ruwa ta kamo dardumar.

Wani manomi ya jingina da fartanyarsa ya ƙare mini kallo, ya ce, "Kai, ba jikan Malam Audu ba ne na Kura? Ban-ruwa kuka zo taya mu?"

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Rabi ta dube ni da takalma a ƙirji, ta yi dariya har da hawaye. Ranar dai ta fara kallona, kuma wallahi na ji daɗi.

Yanzu 'ya'yanmu sun tasa, amma duk ranar da muka yi baƙi sai ta ɗauko tabarma ta ce, "Malam, ina za a shimfiɗa? Kai ne masanin wuri."

Abin da na koya ɗaya ne: in ta ce da danshi, to da danshi.