Bakin Hansai Na Motsi, Ba Murya

"...Lafiya lau, tsohuwa. Ya gajiyar sanda?"

"Sandar ta fi ka amfani, angon banza. Ina aikina?"

Hansai ke nan, tsaye a ƙofar shagon cajin waya a Batsari, inda jikanta Armaya'u ke raɓewa da tsohuwar kwamfutarsa. Tun da 'yan bindiga suka tashe su daga Ruma, ita ta faɗo nan, ƙanwarta Mairo ta faɗa Safana, can kuma idanunta suka rufe. Tsadar mota da tsoron hanya sun hana su haɗuwa. Shi ne Armaya'u ya zana gidansu na Ruma da zane mai motsi, ya ɗora muryar Hansai tana waƙar niƙan da suke yi suna 'yan mata. Direban da zai kai wa Mairo aikin a katin memori zai tashi kafin la'asar, don ba mai bin hanyar bayan nan.

"Ga ki nan, kalli. Har haƙora na ƙara maki, sadaka."

Ta kanne ido ta leƙa. "To, ga bakina na motsi kamar akuya na tuƙa. Ina muryar?"

"Au! A hoto mai motsi na fitar da shi, shi kuma ba ya ɗaukar sauti. Ai gara haka, kunnuwan Batsari sun huta."

"Ni za ka maida bebiya? Ni da nake waƙa a Ruma, mazan Yasore su yar da fartanya?"

"Gudu suke yi, Kaka. Sun zaci kura ce."

"Kakanka dai bai gudu ba, mai kan gwanda. Maido mani muryata."

Mai shago ya leƙo ya ce zai kashe injin wuta, mai ya yi tsada. Batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa.

"Bari in fitar da bidiyo, hoto da murya a haɗe. Sai dai yana jan lokaci."

"Rediyon Mairo mai cin kati, bidiyo yake ci? Makauniya za ka kai wa kallo? Cire zanen, aika murya zalla."

"Tun damina nake zana rumbun gidan nan, ki ce in cire? Maƙwabta su kalla su ba ta labari!"

"Labarin maƙwabta ya ishe ta. Ni take son ji. Wallahi ba na gusawa nan sai muryar nan ta shiga mota, ko in sake ka a gaban mai shago."

"Mace ke saki?"

"Yau za a fara."

Armaya'u ya dubi rumbunsa, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya danna, ya cire zanen. Kafin inji ya yi tari, muryar ta sauka a kati, ya kunna: waƙar niƙa ta cika shagon. Hansai ta share ido da bakin mayafi.

"Kin ci, amarya," ya ce da dariya. "Muryar ba laifi. Fuskar ce matsalar."

Ta kwance bakin zane, ta dangwara masa ƙuli-ƙuli a hannu.

"Ungo, ladan rago. Gidan kuma, ciro mani shi hoto ɗaya, a buga mani a takarda. Wanda ba ya motsi."

"Duk wahalar da na sha in sa shi motsi?"

"Na gaji da abin da ke motsi, Armaya'u. Bar mani gidan ya tsaya inda yake."