Rasuwar Sha-Laka, Jif ɗin Baba Safiyo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma faratan da har yau baƙin mai bai gama fita daga cikinsu ba, Baba Safiyo da iyalansa suna sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura, rasuwar jif ɗinsu wadda aka fi sani da Sha-Laka. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi a kan hanyar gona, tana ɗauke da mutum biyu da buhun taki uku. Ta bar duniya tana da shekara talatin da huɗu, ashirin da shida daga ciki a hannun Baba Safiyo.

Iyalan suna neman afuwa saboda wannan sanarwa ta makara da kwana tara. Layi ɗaya ne ya riƙe ta, wato layin da ake rubuta sanadin rasuwa. Baba Safiyo ya kafe a kan a rubuta tsufa. Maiɗakinsa, Malama, wadda ta yi shekara talatin tana koyar da lissafi kuma ba ta saba sa hannu a kan amsar da ba daidai ba, ta ce marigayiyar ta yi ta kuka yana riƙe da sitiyari bai ji ba, domin kunnensa ya yi nauyi. To, ka ce wa Baba Safiyo ya tsufa, zai yi dariya. Ka ce masa tumbinsa ya hana shi shiga ƙarƙashin mota, zai ce ƙasa ce ta taso. Amma kunne shi ne abin tinƙahonsa a duniya, da shi ya riƙe motar nan duk tsawon zamansu, kuma a kansa aka yi ta kai ruwa rana a gidan.

Kafin a zo nan, ya kamata a faɗi halin marigayiya. Baba Safiyo ya same ta ne lokacin yana aikin awon filaye, a zamanin da ake tura shi wuraren da hanya ba ta riga ta je ba. Mota ce mai haƙuri da juriya. Ba ta taɓa tambayar ina za a je ba. In ta ga laka sai ta sunkuyar da kai ta shiga, in an sa mata ƙaramar giyar nan mai jan taya huɗu sai ta fito ta ɗaya gefen tana girgiza jiki, taɓo har rufi. Ta jawo motoci ƙananan yara masu sheƙi daga cikin rami ba adadi, ba ta kuma taɓa yi musu gori ba. Gudu ne kawai ba ta ɗauke shi abin kirki ba. Masu keke sun sha wuce ta a kan kwalta suna yi mata sannu.

Za a daɗe ana tuna muryarta. Da safe takan fara da gyaran murya, kir-kir-kir, sai ta yi shiru kamar mai tunanin ko ta tashi ko ta bari, sannan kuf! ta watso hayaƙi a kan shanyar maƙwabta, ta kama gurrr. Baba Safiyo yakan juya mata baya, ya rufe ido, ya karkata kai, ya saurara. Daga nan zai ce fulogi na uku ne ya yi datti, a kwance a duba, a tarar na ukun ne. Direbobin unguwa sukan kawo masa motocinsu ya saurara musu, ya faɗi ciwo tun ba a ɗaga bonet ba. Babu abin da yake sa shi tafiya yana ɗaga kafaɗa irin wannan.

Duk tsawon zamansu, hannun bakanike bai taɓa taɓa Sha-Laka ba. Baba Safiyo ne likitanta, shi ne mai jinyarta, kowace Asabar a kan tsohon kwali a ƙarƙashin rumfar gida. Salansarta tana rataye da wayar shanya. Gasket ɗin da ke hana famfon ruwanta yoyo daga kwalin takalmi aka yanka shi, kuma ya fi na kanti daɗewa. Lagiretonta ya sha ɗinki har ba a gane asalin fuskarsa. Ƙofar direba ba ta buɗuwa daga ciki, sai ka zura hannu ta taga, ta fasinja kuma ba ta buɗuwa daga waje, don haka mata da miji sun shekara goma sha wani abu suna buɗe wa juna ƙofa, mutanen unguwa suna cewa ga soyayya. Akwai kuma jar fitilar nan da ke kunnuwa in baƙin mai ya yi ƙasa. Tun ranar da Baba Safiyo ya sake haɗa wayoyin gaba da kansa, ta koma kunnuwa duk lokacin da aka danna hon. Ya yi fama da ita sati biyu, da ta gagare shi sai ya manne ta da baƙin salatif, ya ce shi da kunne yake aiki, fitila ta masu koyo ce.

Wanda wannan al'amari ya fi ci wa rai shi ne ƙanin Malama, bakanike ne mai gareji a ƙarshen layi. Shekara ashirin da shida motar tana wuce ƙofar garejinsa safe da yamma tana ƙara, shi kuwa yana tsaye da sifana a hannu yana haɗiyar yawu.

“Yaya, ka bar ni da ita wuni ɗaya tak,” yakan ce. “Ko don mutuncina. Mutane suna tambayata ko mun yi faɗa ne.”

“Je ka gyara na marasa kunne,” Baba Safiyo yakan amsa, ya danna masa hon ya wuce.

Marigayiyar ta bar taya huɗu, babu biyu masu uwa ɗaya uba ɗaya, da ta biyar a baya wadda iska ta rabu da ita tun tuni. Ta bar jak ɗaya, da igiyar ja, da dutsen da ake sa mata a bayan taya tun da birkin hannu ya yi ritaya. Ta bar gwangwanin madara cike da notuna da kusoshin da suka yi saura bayan gyare-gyare, waɗanda Baba Safiyo ya tabbatar masana'anta ce ta sa su don ado. Ta bar kyanwar gida, wadda har yau take hawa bonet da safe tana jiran ɗumi. Ta kuma bar Auta, 'yar gidan, ma'aikaciyar jinya, wadda a cikinta ta koyi tuƙi, shi ya sa har gobe in ta taka kulochin ƙaramar motarta sai ta kusa huda ƙasa.

Rashin lafiyar ƙarshe ba ta yi tsawo ba. A ƙarƙashin injin akwai notin da ake kwancewa a zubar da tsohon mai. Haƙoransa sun cinye tun shekara huɗu da suka wuce, kuma Baba Safiyo bai ga dalilin sayen sabo ba alhali akwai zare a keken ɗinkin Malama. Duk canjin mai sai ya naɗa masa zare, ya shafa gam, ya ɗaure. Ranar Talatar ma haka ya yi da sassafe, ya wanke hannu, suka loda taki suka kama hanya. Wajen gargadar da ke bayan gada, notin ya gaji da zaman haƙuri ya sauka.

Wani mai babur ya biyo su yana nuna ƙasa yana ɗaga hannu, domin sun bar baƙin layi a bayansu tun daga gadar. Baba Safiyo ya ɗaga masa hannu shi ma, ya ce wa Malama har yanzu akwai masu tarbiyya a duniya. Jar fitilar kuwa, bayan shekaru tana ƙarya, ranar ta faɗi gaskiya a ƙarƙashin salatif ba mai gani. Sai marigayiyar ta fara magana da bakinta, ƙwas-ƙwas-ƙwas, a hankali.

“Maigida, kamar tana ƙwanƙwasa,” in ji Malama.

“Lafiyarta lau.”

“Maigida, ka tsaya mana. Wallahi ƙarar tana ƙaruwa.”

“Malama, in da wani abu ai ni zan fara ji. Ke dai riƙe jakarki.”

Sun ƙara tafiyar da ba ta wuce a sha kofin ruwa ba, sai aka ji gau! Wannan kam har shi ya ji. Sha-Laka ta yi shesshekar ƙarshe, ta gangara gefen hanya da kanta don kada ta tare wa kowa, ta tsaya. Tarakta ce ta jawo ta gida, ita da ta saba jan wasu.

Bakanike, ƙanin Malama, ya zo da yamma ba a kira shi ba, da wankakkiyar riga, ya tsaya a bakin rumfa har sai da aka ce ya shigo. Ya ɗaga bonet da ladabi, ya zaro sandar awon mai, ya same ta a bushe ƙayau. Ya leƙa ƙasa ya ga ramin noti da ɗan guntun zare ruwan hoda yana lilo. Injin ya buga, ƙarfe ya kama ƙarfe, ba sauran magani. Kowa ya zaci ranar dariyarsa ce ta zo. Sai ya dubi mijin yayarsa, ya ga yadda ya yi tsuru-tsuru yana murza hula, ya rufe bonet a hankali.

“Yaya, tsufa ne,” ya ce. “Kwananta ne ya ƙare.”

Baba Safiyo ya rungumi wannan magana hannu bibbiyu. Kwana takwas yana maimaita ta ga duk wanda ya shigo. Auta ta kawo zancen asibitin kunne, ya ce wanda ke jin numfashin fulogi ba shi da abin yi a can. Amma abinci ba ya shiga, kuma an sha ganinsa zaune a kujerar direba, hannu a kan sitiyari, ba inda za shi. Abin yana cinsa, domin ya san Malama ba ta ƙara gishiri a magana, ko ta wasa ce.

A rana ta tara da safe ya kira ta rumfa, ya miƙa mata ƙaramar sifana.

“Kin ce ta yi ƙara. To, buga mini a jikin bamba, daidai yadda kika ji, kada ki ƙara kada ki rage. Ni zan gaya miki ko mene ne. Ina kyautata zaton akwatin kayan aiki ne kika ji.”

Ya juya baya, ya rufe ido, ya karkata kai yadda ya saba. Malama ta buga, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Kyanwa ta diro daga bonet. Maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga. Malama ta sake bugawa, ta ɗan ƙara ƙarfi ma, duk da an hana ta. Baba Safiyo yana nan tsaye, kai a karkace, fuska cike da natsuwar gwani.

“To, Malama, ke nake jira,” ya ce. “Fara mana.”

Da shirun ya yi yawa sai ya waiwayo. Ya ga sifana a ɗage a hannunta, ya ga idonta ya kawo ruwa, ita da ko ranar da ta yi sallama da makaranta ba ta yi kuka ba. Ya zauna a kan dutsen birki ya daɗe, sannan ya ce a ba shi biro. Ga layin nan yadda ya rubuta shi, ba a gyara masa ko waƙafi ba: Sanadin rasuwa, ta kira ni ban ji ba, matata ta gaya mini ban yarda ba. Malama ta karanta sau biyu, ta ɗaga biro ta sa masa maki a gefe, sannan ta je ta ɗora masa shayi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a ƙofar gida. Kafin nan, an ba Bakanike izini a rubuce ya shiga da sifanarsa ya cire duk abin da ke da sauran amfani, a raba wa tsofaffin motoci sa'o'inta masu bukata. Ana roƙon jama'a kada su yi masa magana yayin aikin, ya daɗe yana jira. Motar masu sayen tsofaffin ƙarafa ba za ta iya shiga lungun ba, don haka ana bukatar majiya ƙarfi shida su tura marigayiya zuwa bakin titi, kuma waɗanda suka saba sun san inda ake kamawa. Zaren keken ɗinki ya koma hannun mai shi.

Ba za a zauna karɓar gaisuwa ranar Litinin ba, saboda Auta za ta kai mahaifinta asibitin kunne a gwada masa na'urar ƙara ji, kuma ya yi alkawari ba zai kwance ta ya ga abin da ke ciki ba. Sauran kwanaki ƙofa a buɗe take. Masu zuwa su zauna ta damansa, su dubi fuskarsa, su ɗaga murya. Baba Safiyo ya kuma ce a ƙara da wannan: duk wanda ya gaishe shi a 'yan shekarun nan ya wuce bai amsa ba, ya yi haƙuri, ba girman kai ba ne. Ya zo ya sake gaishe shi da ƙarfi, zai amsa.