Ganuwar Wurno Ya Tafi Gaisuwa

Duk wanda ya ce ba a yi gwanin ƙwallo a ƙasar Wurno zamanin Turawa ba, bai san Malam Maccido ba. Malamin elementare ne, amma shi bai yarda da wannan ƙaramin suna ba. Ya taɓa zuwa kwaleji can gabas, ya dawo kafin shekara ta zagayo. Shi ya ce karatun ne ya ƙare masa da wuri, masu baƙin ciki suka ce wani abu dabam. Abin da ba a musu shi ne ya dawo da ƙwallon fata guda ɗaya, da Turancin da ko Baturen makaranta sai ya ce a maimaita.

Da ya tara manyan ɗaliban makarantar, waɗanda wasunsu sun fara gemu, sai ya raɗa musu suna Kwalejin Wurno. Kansa kuwa ya ba wa tsaron gida, don a cewarsa babba ba ya gudu a gaban jama'a. Ya laƙaba wa kansa Ganuwar Wurno, mutane suka karɓa da murna, don sun daɗe suna neman abin da za su riƙa kiransa.

Abu ɗaya ya hana shi barci, wato rawani. Akwai Sarkin Noma, akwai Sarkin Pawa, to me zai hana a yi Sarkin Ƙwallo? Ya yi ta zarya fada har hakimi ya gaji, ya ce idan Wurno ta fi Rabah da Goronyo a wasannin rani na bana, zai naɗa shi. Tun daga ranar Maccido ya fara tafiya a hankali, yana gwada yadda zai riƙa juya wuya.

Aka fara da Rabah. Wani dogon ɗalibi, Gambo, ya yi ta zura musu ƙwallo, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta leƙo wajen Maccido ba. Yana tsaye tsakanin azara biyu, cikin babbar riga, yana korar ƙuda. Da aka tashi ya tara jama'a ya ce, "Kun gani? Ƙwallo ta san mai ita. Tsorona ya hana ta isowa, awa yadda munka yi can kwaleji." Gambo, da ke gefe yana cire ƙaya a ƙafa, ba a ko ambace shi ba.

A Gandi ma an yi wasan sada zumunci, sai dai ba a ƙare ba. Da wani ɗan Fulani ya narka wa Ganuwa ƙwallo a ciki, sai ya rungume abarsa ya ce fatar ta yi zafi, tana bukatar hutu. Tunda tasa ce, aka watse.

Saura Goronyo, kuma a Wurno za a yi. Ran wasan garin ya cika, har mutanen Kwargaba sun bar albasarsu sun zo. Maccido ya fito da takalmin ƙwallo da ya aika aka sayo masa daga Sakkwato, mai igiya har ƙwauri, alhali kowa a filin da ƙafar Allah yake, ba takalmi. Ya kira alƙalin wasa, Malam Sale na Rabah, ya yi masa karatu a gaban kowa.

"Malam, ka riƙe wagga doka. In an busa usur, ba a tsayawa don kowa. Ko Gwamna yaz zo, wasa shina tahiya. Haka Turawa ka yi."

Malam Sale ya ce ya ji.

Wasa ya yi zafi, babu wanda ya ci wani. Rana ta yi sanyi, an kusa tashi, sai ga hakimi ya iso da 'yan rakiyarsa, ɗaya na ɗauke da wani farin ƙunshi. Maccido na ganin ƙunshin nan zuciyarsa ta narke. Yaya za a yi ubangida ya iso, wanda za a naɗa yana tsaye ƙiƙam kamar turken jaki? Ya ɗaga wa Malam Sale hannu ya tsayar da wasa. Malam Sale ya kau da kai, don shi mutum ne mai riƙe karatu.

Sai Ganuwa ya taka da kansa. Kuma tunda ba a gaida babba da takalmi, ya tsuguna daga nesa ya shiga kwance igiya. Igiyar Sakkwato kuwa ta ƙulle. Yana cikin ja da haƙori, wani ɗan Goronyo da ko bugu bai iya ba ya gangaro da ƙwallo a hankali, ya wuce da ita tsakanin azara biyu. Aka busa tashi.

Maccido ya ƙarasa gaban hakimi, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ya zube ya kwashi gaisuwa mai kyau ƙwarai, gaskiya. Hakimi bai san ƙwallo ba, sai ya tambayi na kusa da shi mene ne aikin Maccido a wasan. Aka ce tsaron gida.

Ya dube shi da tausayi ya ce, "To Maccido, kai da ka tsaron gida ga ka nan. Wa kab baro can?"

Ƙunshin bai ko buɗu ba ya koma fada. Amma kada a ce Ganuwa ya karaya. Har ya tsufa yana gaya wa duk mai saurare cewa a kakar nan kaf ba a taɓa cin sa yana cikin gida ba. Kuma gaskiyarsa, ba ya nan aka ci.