Ranar da Ladabina Ya Rikita Sikeli

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da Ankul Rajan ya kira ni garejinsa a unguwar Sentul, a nan ƙasar waje da muke zaune, ba. Dattijo ne Ba'indiye, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yana da wata motar tsere mai kujera ɗaya wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. 'Yarsa Kabita ce ke tuƙa ta, washegari kuma za ta shiga tseren tsofaffin motoci. Da ya ce yana buƙatata wajen saita sifirin gaba, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke rage girgizar taya, sai na ɗauka labarin digirina na uku a injiniyanci ne ya kai masa. Na zuba shadda, na ɗauki Maman Amira don ta ga mijinta a bakin aiki (tun daga unguwarmu Wangsa Maju nake mata lacca a jirgin ƙasa, ita kuwa tana kallon taga).

Muna isa ya dube ni sama da ƙasa. "Nauyinku ɗaya da Kabita, ita kuma tana ofis. Shiga ka zauna mana."

Ashe aikin buhun siminti aka kira ni.

Motar na tsaye a kan sikeli huɗu, kowace taya da nata. A gindin kowane sifirin akwai zoben ƙarfe. In an murɗa shi sama sai ya ƙara matse sifirin, tayar ta ƙara ɗaukar nauyi. So ake tayoyin gaba su raba nauyin daidai, da direba a ciki. In ba haka ba, Kabita na taka birki a kwana taya ɗaya za ta ƙame, motar ta fizge gefe.

Ya tsuguna a hagu, ya ce, "Kana jin daɗin zaman, Dokta?" Na amsa. Ya dubi sikeli: hagu ta yi nauyi. Ya sassauta zoben. Ya zagaya dama, ya tambaye ni karatu. Na amsa. Yanzu kuma dama ce ta yi nauyi. Ya matsa, ya sassauta, ya jijjiga motar, ya sake zagayawa. Duk gefen da ya koma, nauyin sai ya bi shi kamar mabaraci.

Raha ta ƙare. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya haska tocila a ƙarƙashin motar, ya ce a hankali, "In sikeli bai tsaya ba, ƙashin motar ne ya tsage."

Ni kuwa, da yake ba a tambaye ni ba, sai na tabbatar masa. Na yi bayani kan gajiyar ƙarfe, har da sunayen Turawan da suka yi bincike a kai (Allah Ya yafe mini, su ma ba su da laifi). Ya ajiye sifana, ya zaro waya don ya kira Kabita. "Ba zan sa 'yata a motar da ban yarda da ita ba. Shekara guda tana jiran gobe."

Wayar ta fara ƙara a can ɓangaren. Sai Maman Amira, da ke zaune kan tsohuwar taya, ta ce da Hausa, "Abban Amira, don Allah ka daina rusunawar nan."

"Wace rusunawa?"

"Duk sanda ya yi maka magana sai ka karkata wajensa, hannu a ƙirji, kamar kana gaida Baffa a zaure."

Na dubi hannuna. Yana kan ƙirjin. Kafaɗata kuwa ta leƙo waje.

Ta fassara masa. Ya kashe wayar. Sannan ya ce in kama sitiyari, in dubi bango, kada in ƙara amsa masa ko da gobara ta tashi. Ya mayar da zobban inda suke tun farko, ya ɗan taɓa na hagu. Sikeli ya tsaya cak.

Kabita ta yi tserenta, birki bai ja ta ko'ina ba. Labarin kuwa ya riga ni isa gidajen matan malaman jami'armu.

Yanzu in Kabita ba ta nan, buhunan shinkafa Ankul ke ɗaukowa daga kedai, wato kanti, ya ɗaure a kujerar. Na koyi cewa akwai aikin da buhu ya fi ni cancanta da shi, domin shi ba a yi masa tarbiyya ba.