Ranar da Na Zuba wa Tauraro Gires

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da rairayi ya binne mana rijiyar lambu ba, domin a shekarar ne na shiga ajin manya a Gure, kuma a cikinta na yi abin kunyar da ya fi kowane.

Ni mai gyaran famfon lambu ne. Shekara ashirin da wani abu ina kwance rulma, wato zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da ke sa inji juyawa. Ilimina a kanta bai wuce abu biyu ba: ƙura abokiyar gaba ce, rulma busasshiya kuma alamar mai ita malalaci ne.

Malaminmu, Mushe Idi, mutumin Maradi ne da aiki ya kawo. Ƙanwarsa Rabi ta zo hutu daga ƙasar waje, inda take koyon ƙera sassan tauraron ɗan'adam. Ta zo da wani ɗan fiffike na gwaji, tsawon dantse, mai naɗewa kamar tabarma. Ta ce irinsa ne ke buɗewa a sama ya sha rana. Za ta nuna mana da la'asar, washegari kuma ta kai wa 'yan lise, wato ɗaliban sakandare. Mushe, don ya yarda da ni, ya ba ni akwatin da hantsi ya ce in kai wa mai ƙanƙara ya sa a firigo, wato firji, don a ga abin yana aiki ko da ya daskare.

A hanya na buɗe (don Allah, wane makaniki ne ba zai buɗe ba?). Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Sai idona ya faɗa kan rulmar mahaɗarsa: bushe ƙayau, ga wani toka-toka a jikinta. Tausayi ya kama ni. Na ce yarinya ta yi karatu, amma ba ta san rairayin Gure ba, kar ta sha kunya gaban manya.

Na zauna a rumfata na kwance ta. Na wanke da asansi, wato fetur, tokar ta ƙi fita. Na sa soson ƙarfe, a hankali, cikin haƙuri, sai da ta yi ƙyalli. Na cusa mata gires, man nan mai kauri na famfo, ban yi rowa ba. Sannan na yagi takarda, na yi rubutun da shi ne na farko da na taɓa yi ba Mushe a kaina: "Na sa mai. Kyauta ne." Har da sunana. Na sa ta a akwatin, na kai wa mai ƙanƙara.

Da la'asar muka cika aji, mu wajen talatin. Kafin ta buɗe akwatin, Rabi ta yi mana bayani, ni kuwa na saki baki. Ta ce can sama babu iska ko kaɗan. Gefen da rana ke duka ya fi tafasasshen ruwa zafi, gefen inuwa ya fi ƙanƙara sanyi nesa ba kusa ba. Man da muka sani, in an kai shi can, ko ya tashi kamar tururi ya lulluɓe madubai, ko ya daskare kamar ƙaro. Ƙarfe biyu tsirara kuma in sun haɗu, sai su manne kamar an yi masu walda, ba wuta ba maƙeri.

"Subhanallahi!" in ji Malam Bukar, wanda muke benci ɗaya. "To 'yata, wa ke hawa ya ƙara masu mai?"

"Ba kowa, Baba. Shekara goma, sha biyar, tana juyawa ita kaɗai. Shi ya sa ake zaɓa wa kowane ƙarfe abin da ya dace da shi. Wannan busasshen mai aka shafa mata, toka-toka, bai kai kaurin gashi ba. Ba a haɗa shi da wani mai."

Da na ji "toka-toka" sai na tuna soson ƙarfena. Amma wallahi ko a lokacin rabin zuciyata na can sama, ina tunanin wata 'yar rulma tana juyawa cikin duhu shekara sha biyar, ba mai jin ƙararta.

Ta ciro abin yana hayaƙin sanyi, ta saki maɗaurin. Fiffiken ya ɗaga kamar tsohon da ke miƙewa daga tabarma, ya kai rabi, ya tsaya. Ta taɓa, ta dubi yatsanta. Sai Mushe ya hango takardar, kuma bisa al'adarsa ta kullum ya miƙa wa na kusa ya karanta. Bukar ne na kusa.

"Na... sa... mai." Ya ɗago. "Kyauta ne!"

Ajin ya fashe. Wata ta ce, "Allah ya saka, makanikin taurari!" Na miƙe na ce wa Rabi, "Ki gafarce ni, 'yata, na zaci ƙura ce."

Ta daɗe tana juya rulmar. "Kawu, da me ka cire shi?"

"Soson ƙarfe."

"Aka ce mana yana da wuyar fita," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta yi murmushi, amma na ga idonta. Shafa shi kuma sai can inda aka yi shi.

Mushe dai ya ce rubutun ba kuskure ko ɗaya (ban san ko lallashi ba ne). Tun daga ranar, in abu ya fi ƙarfin sanina, tambaya nake fara yi, soson ƙarfe ya jira.

Abin da aka rasa: rulma ɗaya, aikin wata huɗu na Rabi, kallon da 'yan lise ba su yi ba, da gires rabin gwangwani.