Faifai na Biyu

A fadarmu ta masu shayi a Gure, ni ne alƙalin fina-finan Indiya. Wanda na kushe, ba mai ƙara kallonsa.

Rannan abokina Ari ya ara mini faifan wani fim ɗin soyayya na yaren Telugu. Na kalla, na zo na yanke hukunci: "Shirme ne. Saurayi ya hau jirgi, yarinya na kuka, wai an gama. Marubucin bai san so ba."

Rabin awa ina zuba, ana gyaɗa kai. Sai Ari ya laluba aljihu ya ce, "Af, ga faifai na biyu, na manta."

A cikinsa suka yi aure, har da 'ya'ya.

Har yau, in na ɗanɗana miya na yamutse fuska, sai matata ta ce, "Haƙuri, Maigida, akwai faifai na biyu."